Silin Falon Malam Lissafi

Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da lissafi a makarantar sakandare, har sunan darasin ya bi shi ya zama nasa. Ɗalibai ne suka fara kiransa Malam Lissafi a bayan idonsa, malamai suka ɗauka, daga baya har mai shagon bakin layi da mai kawo takardar wuta haka suke ce masa. Dogo ne siriri, mai tabarau mai kauri, kuma ba ya fita sai da biro biyu a aljihun gaba, ja da shuɗi. Ko bayan ya yi ritaya bai ajiye jan ba. Idan aka kawo masa katin gayyata ya ga kuskure a ciki, sai ya zagaye shi tukuna kafin ya duba ranar.

Mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Aibinsa ɗaya, bakinsa bai iya furta "ban sani ba". Matarsa, wadda ta yi aikin jinya a asibitin yara har ƙafafunta suka gaji ta ajiye, takan ce da ana koyon tuƙin jirgin sama a littafi, da tuni Malam ya kai su sama ya dawo da su. Maƙwabta Nas suke kiranta. Shi kuwa Maman Yara yake ce mata, duk da yaran uku sun girma sun watse, sun bar su su biyu a gida mai ɗaki huɗu.

Yana da ƙane guda ɗaya, kafinta, wanda dangi ke kira Auta duk da furfurar da ta cinye masa gemu. Iyayensu sun rasu a shekara ɗaya, Malam yana da ashirin da huɗu, Auta yana da tara. Malam ne ya ɗauke shi. Shi ya wanke masa kayan makaranta, shi ya tsaya a kansa har ya haddace jadawalin sau, shi ya goya shi zuwa asibiti ranar da ya faɗo daga bishiya ya karye. Burinsa ya ga ƙanen nan ya zama injiniya. Amma Auta yana aji uku na sakandare zuciyarsa ta koma shagon wani tsohon kafinta da ke bayan makarantar. Wata rana aka aiko wa Malam cewa ƙanensa ya yi wata biyu bai leƙa aji ba. Ya je ya same shi a shagon, yana goge ƙafar kujera yana waƙa. A gaban jama'a Malam ya dube shi ya ce, "Na zaci mutum nake raino, ashe mai buga ƙusa ne."

Maganar ba ta fi haka ba, amma ta samu wuri ta zauna. Ba su yi gaba ba. Idan ɗaya ya kwanta rashin lafiya ɗayan yana zuwa, kuma Auta bai taɓa fasa rusunawa ya gaida yayansa ba. Sai dai hirarsu ba ta wuce lafiyar iyali da zafin gari. Da Malam ya tashi gina gidansa, wani kafinta daban ya ba rufi da silin. Ranar tarewa Auta ya zo, ya ɗaga kai ya kalli silin sau ɗaya, ya ce, "Allah ya sanya alheri, Yaya," ya sunkuya ya ɗauki katifa ya shigar ɗaki.

Shekara goma sha takwas bayan haka tabon ya fito. Nas ce ta fara ganinsa, a kusurwar falo, daidai saman kantar littattafan Malam. Bai fi tafin hannu ba, launin shayin da ya sha ruwa.

"Malam, silin nan fa yana gumi," ta ce.

Ya gyara tabarau ya duba. "Kwano ne. Ƙusa ɗaya ta yi tsatsa, ruwan sama yana bi. Ƙaramin abu ne."

Ya sayo gwangwanin farin fenti da buroshi, ya hau tebur ya shafe wurin, ya sauko yana kakkaɓe hannu kamar wanda ya gama jarrabawa. Kwana takwas tabon ya huda fentin ya dawo, ya kai faɗin faranti. Ya sake shafewa. Ya sake dawowa. Daga nan Malam ya ɗauko rula da ƙaramin littafi, duk Juma'a ya hau tebur ya auna faɗin tabon ya rubuta.

"Kai dai kamar mu a asibiti," in ji Nas. "Duk mako a ɗora jariri a ma'auni, a ce madalla, ya yi ƙiba. To naka jaririn yana samun abinci sosai."

"Ana fara nazarin matsala ne kafin a warware ta."

"Ka kira Auta ya warware, kai ka ci gaba da nazarin."

"Auta kujeru yake yi da gadaje."

"Rabin gidajen unguwarsu shi ya rufa, kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Malam bai kira shi ba. Ya samo wani mutum ya hau saman kwano ya bi kan ƙusoshi da kwalta. Damina ta wuce, sama ta bushe ƙayau, amma tabon bai ji labari ba, sai ƙara faɗi yake yi. Falon ya soma wani warin laima kamar an manta jiƙaƙƙen tawul a jaka. Baƙaƙen ɗige-ɗige suka fito a gefen tabon. Nas ta ce fumfuna ce, kuma ita ce ke sa ta tarin nan na safe. Malam ya ce zai duba. Ya sayo gwangwani na uku. A lokacin allon silin ya fara yin ciki, ya ɗan lanƙwaso ƙasa, shi ma ya gani, amma ya ce wa kansa nauyin fenti ne.

Ranar wata Talata da hantsi, Nas tana zaune a kujerar da ke ƙarƙashin wurin tana ɗinke masa maɓallin riga. Malam yana waje yana ba shukokinsa ruwa. Butar shayi ta yi fito a kicin, ta ajiye rigar ta miƙe. Taku biyu ta yi. Sai ƙara kamar an yar da ƙofa, allon ya ɓallo gaba ɗaya, ruwa ya biyo shi kamar an kifar da baho. Gefen allon ya karce mata kafaɗa, tsakiyarsa ta dira a kan kujerar, hannun kujerar ya karye.

Malam ya shigo da gudu, tiyo na zuba a bayansa. Ya ga matarsa a tsaye jikin bango, ta dafe kafaɗa. Ya ga kujerar. Ya ga littattafansa suna shan baƙin ruwa, ya ɗaga ƙafa zai shiga.

"Kada ka taka!" ta daka masa tsawa. "Ba ka ga wayar wuta tana lilo ba? Je ka kashe mita!"

Tun da suka yi aure ba ta taɓa yi masa tsawa ba. Ya juya ya je ya kashe. Ya dawo ya duba kafaɗar, ta ce karcewa ce kawai, ita za ta wanke abinta. Sai ya fita ya zauna a dokin ƙofa. Rigar da take ɗinkewa tana can ƙarƙashin allon, allurar na jikinta. Ya zaro waya.

"Auta."

"Na'am, Yaya. Lafiya dai?"

"Silin falo ya faɗo. Ban san abin da zan yi ba."

Ƙarar injin da ke bayan Auta ta tsaya.

"Wani ya ji ciwo?"

"Kaɗan ya rage. Allah ya kiyaye."

"Kun kashe wuta?"

"Mun kashe."

"To a rufe kan tanki ma. Kada kowa ya shiga falon. Ga ni nan."

Kafin azahar ya iso da ƙaramar motarsa ta ɗaukar kaya, tsani a ɗaure a baya. Ya gaida yayansa kamar kullum, ya leƙa kicin ya ga Nas da bandeji.

"Yaya Nas, ashe ku ma ana naɗa muku?"

"Ni na naɗa wa kaina, ɗan nema. Kai dai shiga ka duba ɓarnar da yayanka ya yi kiwo wata bakwai."

Auta ya yi dariya ƙasa-ƙasa, bai kalli Malam ba. Ya tsaya a bakin falon ya ƙare wa saman kallo. Allon da ke kusa da wanda ya faɗo shi ma ya yi ciki. Ya sa aka kawo bokiti biyu, ya janye kantar littattafai, ya kafa tsani, ya zaro doguwar ƙusa.

"Huda shi za ka yi?" in ji Malam. "Ai ƙara lalata shi za ka yi."

"Yaya, ruwan nan dole ya sauko. In ba mu ba shi ƙofa ba, zai yi wa kansa irin ta ɗazu."

Ya huda. Ruwa ya tsiyayo siriri, ja-ja, ya cika bokiti ɗaya ya kama na biyu. Da ya tsaya, Auta ya ɗauki tocila ya zura kai cikin ramin, daga nan ya haye gaba ɗaya. Suna jin motsinsa a sama. Can ya leƙo.

"Yaya, in za ka iya, hawo ka gani da idonka. Yaya Nas, riƙe masa tsanin."

Malam bai taɓa ganin cikin rufin gidansa ba. Ya hau a hankali, ya tsaya a matakala ta shida, kansa da kafaɗunsa cikin duhu da zafi. Auta ya haska kwanon, layi bayan layi.

"Ka ga? A bushe yake. Wanda ya rufa maka ya yi aiki mai kyau, ba shi da laifi." Ya karkato da hasken. "Ga mai laifin."

Bututun da ya taso daga tanki zuwa banɗaki ne, ya ratsa ta saman falo. A mahaɗarsa akwai tsaga, ba ta kai tsawon farce ba. Ko da an rufe tanki, sauran ruwan da ke ciki yana fitowa, ya taru, ya yi nauyi, ya ɗiga. Malam ya zuba masa ido. Bai san lokacin da ya ɗaga agogon hannunsa cikin hasken ba.

"Ɗigo ashirin a minti ɗaya," ya ce.

"To, nawa ya kama a wata bakwai?"

Leɓunan Malam suka yi motsi. "Durom ɗaya da rabi. Ko fiye."

"Kai kuma ka tare shi da gwangwani uku na fenti."

Daga ƙasa Nas ta fashe da dariya har tsanin ya girgiza. Malam ya so ya ɓata rai, abin ya ƙi, shi ma ya yi dariyar, ƙura ta shiga masa maƙogwaro ya sauko yana tari.

A ranar Auta ya kira abokinsa mai gyaran famfo ya yanke mahaɗar ya sa sabuwa. Washegari mai gyaran wuta ya zo ya canja wayoyin da suka jiƙa. Auta ya ɓamɓare alluna shida, har da waɗanda a ido lafiyarsu ƙalau, amma da ya juya bayansu sai ga su baƙi ƙirin da fumfuna. Katako biyu sun ruɓe, ya danna babban yatsa ya shige kamar burodi. Ya cire su. Sauran ya ɗaure hanci da ƙyalle ya wanke su da ruwan bilic mai kashe fumfuna.

Malam ya so a rufe wurin a ranar. "Baƙi za su shigo su ga falo baki buɗe."

"Su gani, Yaya. In muka rufe katako da laima a jikinsa, bayan wata uku za ka sake kirana. Kwana goma za a bar shi. A buɗe tagogi, a juya fanka tana kallon sama."

A kwanakin nan goma Nas ta shanya littattafai a tsakar gida, tana sa farar takarda tsakanin shafuka. Wasu sun tsira, sun kumbura sun yi kauri. Amma manyan littattafan rubutunsa guda tara, inda ya tara darussan shekara talatin da biyar da hannunsa, sun manne sun zama dunƙule, tawada ta narke. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya jira baƙin ciki ya zo. Ya zo, amma bai kai yadda ya zata ba. Duk lokacin da abin ya taso masa sai idonsa ya faɗa kan karyayyar kujerar da aka jingine a baranda, ya juya ya ga matarsa tana sunkuye tana jera littattafai tana mita, sai ya ce alhamdulillahi a hankali.

Ranar da za a fara rufewa, ma'aikatan Auta suna can wani aikin da aka ba su wa'adi, don haka shi kaɗai ya zo. Malam ya cire babbar riga ya ce ga shi. Shi ne riƙe tsani, shi ne miƙa ƙusa, shi ne rubuta awo. Sau biyu ya miƙa guduma ta kai maimakon ta ƙota. Auta yana sama yana faɗo awo, ya dubi sababbin alluna biyar da ke jingine, waɗanda suka fi tsofaffin girma, ya ce in aka yanka ta nan da nan, huɗu za su isa, na biyar a mayar. Malam ya ce a dakata. Ya zauna da takarda ya zana, ya raba, ya buga, minti goma cur. Amsarsa ta fito huɗu, yankan ma iri ɗaya.

"Ina ka koyi wannan?"

"Wurinka mana. Jadawalin da ka sa ni haddacewa kana tsaye da rula a hannu, da shi nake ci har yau."

Da rana ta take Nas ta kawo musu shayi ta koma ciki. Suka zauna a ƙasa, bayansu jikin bango, rabin silin a rufe rabi a buɗe. Malam ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Akwai maganar da na faɗa maka a shagon tsohon nan."

"Wacce?"

"Ka sani."

Auta ya hura shayinsa. "Na sani. Ta yi mini zafi, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba ita ta fi ba. Tun da na ji ka sayi filin nan na fara ware katako, mai kyau, ɗaya-ɗaya, ina ajiyewa a bayan shago. Na ce ranar da ginin Yaya ya kai rufi zan zo da shi in ba shi mamaki. Sai a bakin mai sayar da kwano na ji an ba wani."

Malam ya ajiye kofin. "Me ka yi da katakon?"

"Ya yi shekaru a ajiye. Da babbar 'yarka ta tashi aure na yi mata gado da shi."

Malam ya tuna gadon. Ya tuna har ya ce wa mutane a lokacin, ai aikin ƙanensa ne, ba laifi. Ba laifi kawai ya ce.

"Ka yafe mini, Auta."

"Haba Yaya. Wanda ya goya ni tun daga bakin kasuwa har asibiti, ina ihu ina dukan bayansa? Ni ne ma zan ce ka yafe, na watsa maka ƙasa a ido a lokacin. Shanye shayinka, akwai allo biyu suna jiranmu."

Suka ƙarasa a kwana uku. Auta ya cike mahaɗun allunan, ya goge su sumul, ya shafa fentin ƙasa mai hana tabo fitowa, ya bari ya bushe, sannan fari hawa biyu. A kusurwa ya bar wata 'yar ƙofa mai murfi, daidai shigar mutum, ya ce duk bayan wata uku a leƙa da tocila, in an ga laima a kira shi tun tana ƙarama. Kujerar ma ya jefa ta a mota, bayan kwana biyu ya dawo da ita da sabon hannu. Tarin Nas ya tafi a mako na biyu. Ta kira yaran ɗaya bayan ɗaya ta ba su labari, kowanne sai ta ƙara gishiri, har a bakinta gwangwanayen fentin suka zama bakwai.

Ranar Asabar ta gaba Malam ya shirya ya ce zai fita. Ya shiga motar haya, ya sauka, ya tambayi hanya sau biyu, don bai taɓa zuwa shagon ƙanensa ba. Ya zaci rumfa ce da benci. Sai ya tarar da dogon zaure mai injuna uku, magidanta biyar suna aiki, ƙofofi da tagogi jere a bango suna jiran masu su. Auta yana tsaye da wata dattijuwa suna duba zanen kabad. Da ya hango shi ya saki takardar, ya taho da sauri yana goge hannu a wando.

"Yaya! Lafiya? Silin ne?"

"Silin lafiya lau. Zuwa na yi in ga wurin."

Auta ya rasa inda zai sa shi. Ya jawo kujera ya kakkaɓe, ya sake kakkaɓewa, ya ɗaga murya ya ce a kashe inji. "Ku zo ku gaida yayana. Shi ya raine ni."

Suka zo ɗaya bayan ɗaya suka gaishe shi. Dattijuwar ta matso tana dubansa.

"Au, kai ne malamin? Shekara ashirin yana yi mini aiki, ban taɓa zuwa nan na tafi bai ba ni labarinka ba. Yayana kaza, yayana kaza, wai duk garin nan babu mai kanka. Har na fara zaton ƙirƙiro ka ya yi."

Malam ya cire tabarau ya shiga gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Auta ya kawar da kai, ya yi wa mutanensa alama su koma bakin aiki. Inji ya tashi. Can Auta ya jawo wani dogon katako ya ɗora a kan teburin yanka, ɗaya bakin yana lilo a iska.

"Yaya, tun da kana nan, ɗan riƙe mini can."

Malam ya mayar da tabarau, ya naɗe hannun riga, ya je ya riƙe.